Kun Tambaya, Mun Amsa: Awon Antibodi a Jini da Sabunta Alluran Rigakafi

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon a kan antibodi ne, wato sinadaran kariya da jiki ke zubawa cikin jini bayan rigakafi ko bayan jinya, da kuma dalilin da ya sa ake sake fasalin wasu allurai ana barin wasu yadda suke. Mun haɗe masu kama da juna, mun gajarta masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina rana ɗaya aka yi mana allurar korona. Bayan wata takwas muka yi gwajin antibodi, kowa a ɗakin gwajin da ya saba zuwa. Adadin da ke takardarsa ya ninka nawa wajen sau biyar. Tawa allurar ta tashi aiki ke nan? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta tashi aiki ba, kuma takardun nan biyu ba za su gaya maka wanda ya fi wani kariya a cikinku ba.

Bayan allura, antibodi yakan hau har ya kai ƙololuwa tsakanin mako 2 zuwa 4. Yawancin wannan hawan aikin wasu ƙwayoyin jini ne masu gajeren kwana, waɗanda suke zuba antibodi da yawa sannan su mutu. Shi kuma antibodin da ya fi yawa a jini, wanda ake kira IgG, duk bayan kwana 21 ko kusa da haka rabin abin da ke akwai yake lalacewa. Masu zubawa sun ragu, lalacewa ba ta tsaya ba, dole adadi ya yi ƙasa. Saukar takan yi sauri a watannin farko sannan ta lafa, domin wasu ƙwayoyin masu dogon kwana sun tare a cikin ɓargo suna zuba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Haka ma ake so. Da jiki zai riƙe antibodin duk cutar da ya taɓa gamuwa da ita a ƙololuwa, da jini ya yi kaurin da zai wahalar da zuciya.

Akwai kuma abin da gwajin ba ya gani sam. A cikin kaluluwa da saifa akwai ƙwayoyin B masu tunawa, waɗanda suka haddace kamannin bairas ɗin. Ba sa zuba komai sai ya shigo, daga nan su hayayyafa su fara zuba sabon antibodi cikin kwana 3 zuwa 5. Akwai ƙwayoyin T, masu bin ƙwayoyin jikin da bairas ya riga ya shiga suna kashewa. Matsalar korona ita ce gaggawa: nau'in Omicron yakan nuna alamu cikin kamar kwana 3, wato kafin masu tunawa su gama shiri. Shi ya sa mai rigakafi kan kamu, ya yi mura da zazzaɓi. Amma cin huhu da ke kwantar da mutum a asibiti yakan ɗauki mako guda ko fiye, kuma kafin nan garkuwa ta iso. Masu bincike a Ostiraliya sun lissafa a 2021 cewa domin a rage kamuwa da rabi, ana buƙatar kusan kashi 20 cikin 100 na matsakaicin antibodin waɗanda suka warke daga cutar, amma domin a rage tsananin ciwo da rabi, kusan kashi 3 cikin 100 ya isa. Lissafin na nau'o'in farko ne, amma darasinsa bai sauya ba: kariya daga kamuwa ita ke fara zubewa, kariya daga kwanciya tana daɗewa.

Batun gwada takardarka da ta abokinka kuwa, kowane kamfani da ma'auninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni na bai-ɗaya a Disamba 2020, wanda ake rubutawa BAU/mL, amma ba kowane ɗakin gwaji ke juya sakamakonsa zuwa shi ba. Ko an juya, har yau babu adadin da aka amince cewa wanda ya haura shi ya tsira daga korona. Hukumar FDA, mai kula da magunguna a Amurka, ta faɗa tun Mayu 2021 cewa kada a yi amfani da irin wannan gwaji wajen auna kariyar wanda aka yi wa allura. Duba takardar kuma ka ga harafin da aka rubuta, S ne ko N. Alluran mRNA irin na Pfizer da Moderna, masu ɗauke da saƙon da ke sa jiki ya haɗa furotin da kansa, furotin ɗin ƙayar bairas kaɗai suke koya wa jiki, wato S. Idan gwajin N aka yi maka, wato na wani furotin da ke cikin bairas ɗin, zai iya nuna sifiri alhali allurar ta yi aikinta. Mai yiwuwa ne kuma abokin naka ya kamu a tsakani bai sani ba, kamuwar ta ɗaga masa adadi.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. An yi mini allurar ciwon hanta nau'in B sau uku shekaru bakwai da suka wuce. Yanzu wurin aiki sun sa an gwada ni, sakamako ya nuna 6 mIU/mL. Mene ne abin yi?

Amsa: Malama, a nan kam adadi yana da ma'ana, domin ciwon hanta nau'in B na cikin 'yan cututtukan da aka san iyakar kariyarsu: 10 mIU/mL na anti-HBs, wato antibodin da ke kare mutum daga wannan bairas. Sai dai iyakar tana aiki ne idan an yi gwajin wata 1 zuwa 2 bayan allurar ƙarshe. Gwajin bayan shekara bakwai ba ya bambance wadda jikinta ya amsa sannan adadin ya sauka da wadda jikinta bai taɓa amsawa ba.

Idan kina da tsohuwar takarda da ta taɓa nuna 10 ko fiye, kuma garkuwarki lafiya lau, ba ki buƙatar komai. Wannan bairas yakan ɗauki kamar kwana 90 kafin ya nuna kansa, ƙwayoyin tunawa suna da isasshen lokaci. Idan babu takardar, a yi miki allura ɗaya, a sake gwaji bayan wata 1 zuwa 2. Ya haura 10, magana ta ƙare. Bai haura ba, a cike miki sauran biyun ya zama zagaye na biyu cikakke, a sake gwadawa. Kafin a zurfafa a wannan hanya, a duba HBsAg da anti-HBc, gwaje-gwajen da ke nuna ko bairas ɗin yana jiki ko ya taɓa shiga, domin ɗaya daga dalilan rashin amsawa shi ne mutum yana ɗauke da bairas ɗin tuntuni bai sani ba. Kada a ɗauki jinin HBsAg a makonnin farko bayan allura, don allurar kanta kan sa ya nuna akwai na ɗan lokaci. A bari wata guda ya wuce.

Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na manya ba sa amsa zagayen farko. Shekaru sama da 40, ƙiba, shan taba da ciwon ƙoda duk suna rage amsawa. Masu wankin ƙoda ana ba su maikirogiram 40 a kowace allura, ana gwada su duk shekara, a ƙara musu idan sun sauka ƙasa da 10. Amma sau da yawa laifin ba na jiki ba ne, na hannu ne. Allurar da aka yi a ɗuwawu takan tsaya a kitse, ba ta kai tsoka ba. Wurinta tsokar dantse, da allura mai tsawon milimita 25 zuwa 38 gwargwadon jikin mutum. Sai daskarewa: wannan rigakafi yana da sinadarin alminiyom, kuma da zarar ya yi ƙanƙara ya lalace, ko da ya narke ya koma kamar ba abin da ya same shi. Wurin ajiyarsa digiri 2 zuwa 8, nesa da bangon firji mai ƙanƙara. Idan ana shakka, a daskarar da kwalba ɗaya daga rukuni guda da gangan, a narkar, a girgiza ta tare da wadda ake tuhuma, a ajiye su kusa da juna ana kallo a haske. Idan garin cikin wadda ake tuhuma ya kwanta da sauri irin na wadda aka daskarar, a zubar.

Wadda aka yi wa allura shida ba ta amsa ba, a rubuta mata haka a katinta. Ranar da allurar mai ɗauke da cutar ta soke ta, maganinta antibodin da aka riga aka haɗa, HBIG, mililita 0.06 ga kowane kilo na nauyinta, da wuri, an fi so cikin awa 24, a maimaita bayan wata guda.

Sauran cututtukan da aka san iyakarsu ba su da yawa. Ciwon haukan kare 0.5 IU/mL, shi ya sa ake gwada masu aiki da bairas ɗin a ɗakunan bincike a kai a kai. Ƙyandar Jamus 10 IU/mL. Ga infuluwenza akan ambaci 1:40, wato ruwan jinin da aka tsarma ninki 40 yana nan yana aiki, amma wannan kariyar kusan rabi ce kawai ga manya.

Tambaya: Allurar ƙyanda da aka yi mini ina yaro ita ce dai ake yi wa 'ya'yana. Me ya sa ita ba a sabunta ta, amma ta infuluwenza duk shekara sai an sake, ta korona ma an sake sau da dama? Ko dai kasuwanci ne? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, kamfanoni suna cin riba, wannan ba a musu. Amma da kasuwanci ne ke yanke hukunci, da ta ƙyanda aka fara sakewa, tunda yawancin yaran duniya ake yi wa ita. Bambancin daga halittar bairas ɗin yake.

Duk bairas idan yana kwafin kansa yakan yi kurakurai, kuma kowane kuskure na iya sauya siffar wani ɓangare na furotin da ke bayansa. Antibodi kuwa siffa yake kamawa, kamar murfi da bakin tukunya: idan bakin ya ɗan lanƙwashe murfin zai zauna amma da ɗan gibi, idan ya lanƙwashe sosai ba zai zauna ba, ko murafe nawa ka tara. Tambayar ita ce, bairas zai iya lanƙwasa wurin da antibodi ke kamawa ba tare da ya ɓata wa kansa aiki ba?

Na ƙyanda ba ya iyawa. Wuraren da antibodi ke kama shi sun haɗa da wurin da yake amfani da shi wajen maƙale wa ƙwayoyin jikin mutum, kuma wuraren suna da yawa, jiki yana kai wa kowanne hari. Sai ya sauya da dama a lokaci guda kafin ya kuɓuce, yin hakan kuwa yana hana shi shiga jiki. Shi ya sa ko da an ƙidaya masa dangi 24 ta fuskar ƙwayoyin halitta, ga antibodi duk abu ɗaya ne. Bairas ɗin da aka ware a 1954 shi ne asalin allurar da aka fara amfani da ita a 1963, kuma jikokinsa ne a yawancin kwalaben yau. Allura biyu na ba da kariya kusan kashi 97 cikin 100. Ga shi kuma ƙyanda na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ta fito, ƙwayoyin tunawa suna da isasshen lokaci. Haka rigakafin shawara, nau'in 17D na shekarar 1937: a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Infuluwenza akasin haka take. Kan furotin ɗinta mai suna HA yana jure sauyi sosai, ya sake siffa a gefe-gefe, tsakiyar da yake kamawa da ita tana nan daram. Wannan zamiya ta kaɗan-kaɗan ita ke sa a duba allurar duk shekara. Ban da haka, ƙwayoyin halittarta gunduwa takwas ne. Idan nau'i biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya sukan yi musayar gunduwa, a samu sabon abu da kusan ba wanda ke da garkuwarsa, kamar yadda ya faru a 1957, 1968 da 2009.

Korona tana da sinadarin da ke gyara mata kurakuran kwafi, don haka da farko wasu masana suka zaci ba za ta yi saurin sauyawa ba. Abin da ya karya wannan zato shi ne yawan waɗanda suka kamu, kowannensu dama ce ta sabon kuskure, da kuma yadda ƙayarta ta zamo mai jure sauyi. Omicron, wanda Afirka ta Kudu ta kai rahotonsa ranar 24 ga Nuwamba 2021, ya zo da sauyi sama da 30 a ƙayar, kusan 15 daga ciki a daidai ɓangaren da ke kama ƙwayar jikin mutum.

Tambaya: Ina karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Ta yaya ake tabbatar da cewa sabon nau'i ya kuɓuce wa allura, kuma wa ke yanke hukuncin sauyawa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da bambance gwaji iri biyu. Wanda ake yi a yawancin asibitoci yana auna duk antibodin da ya maƙale wa furotin ɗin da aka shafa a faranti, ko yana hana bairas shiga ko ba ya hanawa. Sau da yawa ma furotin ɗin tsohon nau'i ne aka shafa. Wanda ake yanke hukunci da shi shi ne gwajin toshewa, mai auna antibodin da ke hana bairas shiga ƙwayar halitta.

Ga yadda ake yin sa. A ware ruwan jini, a ɗumama shi a digiri 56 na minti 30 domin a kashe wasu sinadaran da kan rikita sakamako. A tsarma shi ninki-ninki a ramukan faranti: 1:10, 1:20, 1:40, 1:80, har gaba. A zuba bairas adadi ɗaya a kowane rami, a bar su kamar awa 1 a digiri 37. A juye haɗin a kan ƙwayoyin halitta da aka raina, a jira, a ƙidaya waɗanda suka kamu. Tsarmin da ya rage kamuwa da rabi shi ne sakamakon. A shekarun farko na annobar, bairas ɗin korona mai rai sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 3, shi ya sa da yawa suka koma amfani da bairas na jabu, wato wani marar lahani da aka sanya wa ƙayar korona, a yi aikin a mataki na 2.

Sai a maimaita da ruwan jini ɗaya amma da sabon nau'in, a raba. A matsayin misali kawai: ya ba da 1:640 a kan tsoho, 1:80 a kan sabo, an samu faɗuwa ninki 8. Idan kuma watanni sun ja adadin ya sauka ninki 4, abin da ya rage a kan sabon nau'in 1:20 ne. Lura da cewa abubuwa biyu ne daban suka ninka juna, saukar yawa da rashin dacewar siffa. Ƙarin tsohuwar allura na gyara na farko. Na biyu sai sabon zubi. Bambancin rami ɗaya, wato ninki 2, kada ki ɗauke shi da muhimmanci, hannun mai tsarmi kaɗai na iya jawo shi. Daga ninki 4 ake fara sauraro. Kada kuma ki gwada adadin ɗakin gwaji biyu kai tsaye, domin irin ƙwayoyin da aka raina da yawan bairas ɗin da aka zuba duk suna motsa lamba.

Tsarin infuluwenza shi ne mafi daɗewa. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da jerin ɗakunan gwaji a ƙasashe sama da ɗari da ke tattara samfura suna aikawa manyan cibiyoyi irin na Landan, Atlanta, Melbon, Tokyo da Beijin. A can ake sa wa wata dabba mai kama da tunku, feret, bairas ɗin allura, a ɗebi jininta bayan kamar mako 2, a gwada shi da nau'o'in da ke yawo. Ana amfani da ita ne domin infuluwenza na kama ta irin yadda take kama mutum, kuma jikinta bai taɓa gamuwa da wani nau'in ba balle ya rikita sakamako. Faɗuwa ninki 8 ko fiye na nufin nau'in ya bambanta. Ana haɗa wannan da jinin mutanen da aka yi wa allura da kuma lissafin nau'in da ke saurin yaɗuwa. Masana na zama a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudu.

Dalilin yanke hukunci da wuri shi ne ƙwai. Yawancin allurar har yanzu a cikin ƙwan kaza mai ɗan tayi ake raino, kuma daga zaɓe zuwa kwalba akan ɗauki kamar wata 6. Kowane nau'i maikirogiram 15 na HA ake sakawa, a allurar tsofaffi mai ƙarfi kuma 60. A nan abu biyu kan lalace. Bairas na iya zamewa bayan an gama zaɓe, kamar nau'in H3N2 a lokacin sanyin 2014 zuwa 2015, lokacin da amfanin allurar a Amurka ya faɗi zuwa kashi 19 cikin 100, alhali a shekarar da aka dace yakan kai 40 zuwa 60. Ko kuma bairas ɗin, garin sabawa da ƙwai, ya sauya siffa a daidai wurin da ake so jiki ya haddace. Wannan ya fi damun H3N2, kuma shi ya sa aka samar da alluran da ba sa bi ta ƙwai. Wani lokacin sabuntawar cirewa ce: dangin B/Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa ba tun Maris 2020, sai Hukumar ta ba da shawara a Satumba 2023 a fitar da shi, allura ta koma mai nau'i uku.

Tambaya: Kafin a gama haɗa sabuwar allurar korona, nau'in da aka yi ta dominsa ya wuce, wani ya fito. To ina amfaninta? Daga wani mai sayar da magunguna.

Amsa: Malam, gaskiyarka, kusan kullum allurar a baya take. An zaɓi nau'in XBB.1.5 a tsakiyar 2023, kafin ƙarshen shekarar JN.1 ya fara mamayewa, kuma shi daga wani reshe ne daban mai suna BA.2.86. Amma ba dacewa tsaf ake nema ba, kusanci ake nema. Tazarar da ke tsakanin XBB.1.5 da JN.1 ba ta kai wadda ke tsakanin JN.1 da bairas ɗin 2020 ba, kuma gwaje-gwaje sun nuna waɗanda aka yi wa allurar XBB.1.5 antibodinsu a kan JN.1 ya ƙaru, ko da bai kai na kan XBB ɗin ba. Shi ya sa kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙoƙarin zaɓen nau'in da ke kusa da gindin reshe, ba wanda ke can ƙarshen ganye ba. A Afrilu 2024 ya zaɓi JN.1. Amurka ta fi son jikansa KP.2 ga alluran mRNA. A Mayu 2025 kwamitin ya ce JN.1 ko KP.2 suna nan da amfaninsu, LP.8.1 ma ya dace.

Sabuntawar farko ce ta koyar da darasi mafi girma. A Agusta 2022 aka amince da allurai masu nau'i biyu, rabi tsohon bairas rabi Omicron: ta Pfizer maikirogiram 15 da 15, ta Moderna 25 da 25. Sun yi amfani, amma an lura jiki ya fi karkata ga rabin da ya riga ya sani. Ƙwayoyin tunawa sun fi sababbin ƙwayoyin B yawa da sauri, sai su rigaye su ga furotin ɗin, abin da aka fi zubawa ya zama tsohon antibodi mai kama wuraren da nau'o'in biyu suka yi tarayya. Thomas Francis ya bayyana irin wannan hali ga infuluwenza tun 1960. Ba ya nufin rigakafin baya ya cutar da kai, domin antibodin tarayyar ma yana karewa. Amma idan tsohon nau'in ya daina yawo, saka shi a kwalba cinye rabin wuri ne da ƙara ƙarfafa tsohuwar hadda. Saboda haka a Mayu 2023 kwamitin ya ba da shawarar a cire shi a koma nau'i ɗaya.

Ta fuskar haɗawa, mRNA na da sauri domin saƙon da ke ciki kawai ake sake rubutawa, kitsen da aka naɗe shi da injinan duk ba a taɓa su. A 2020 Moderna ta aika da rukunin gwaji na farko kwana 42 bayan ta tsayar da rubutun saƙon. Masu furotin irin ta Novavax sai an raino furotin ɗin a ƙwayoyin halitta an tace, abin da ke cin watanni, shi ya sa a 2024 ta tsaya a kan JN.1. Tunda kana harkar magani, ka kula da kwalba: sunan nau'in ko shekarun zubin suna rubuce a jiki, kuma ta Pfizer da aka fitar daga daskarewa mako 10 take yi a digiri 2 zuwa 8, ba a kuma mayar da ita ƙanƙara.

Tambaya: Ana gwada sabon zubin a kan dubban mutane kamar na farko kafin a fitar? Daga wata uwa.

Amsa: A'a, Hajiya, kuma ta infuluwenza ma ba a yi mata haka duk shekara, don kafin a gama irin wannan gwaji lokacin cutar ya wuce. Babban gwajin an yi shi ne a kan tsarin allurar. Idan nau'i kawai aka sauya, hukumomi kan duba ingancin haɗi, sakamakon dabbobi, wani lokaci da ƙaramin rukunin mutane da ake auna antibodinsu kafin allura da kamar wata guda bayanta a gwada da na tsohon zubi. Bayan fitarwa a ci gaba da bibiyar illoli da amfani. Illar da aka sani ga alluran mRNA, kumburin tsokar zuciya, ba kasafai take faruwa ba, ta fi samun samari bayan allura ta biyu, kuma tazarar mako 8 tsakanin ta farko da ta biyu na rage ta.

Tambaya: Shekaruna 71, ina da ciwon suga. Watan jiya na yi korona na warke. In je a yi mini sabuwar allurar yanzu, ko in fara yin gwajin antibodi? Matata kuma ana yi mata ƙarin ruwan rituximab. Daga wani dattijo.

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Gwajin ku bar shi, domin ko ya nuna da yawa ko kaɗan shawarar ba za ta sauya ba. Da shekaru da ciwo da kuma ranar allurar ƙarshe ake yanke hukunci. Kuna cikin rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba tun Maris 2023, wato tsofaffi, masu cututtuka na dindindin, masu raunin garkuwa, masu juna biyu da ma'aikatan lafiya, waɗanda ake ƙara wa allura bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon hali. Tunda kun kamu kwanan nan, kamuwar ta ɗaga muku garkuwa, za ku iya jira kamar wata 3 daga ranar da ciwon ya fara. Yi da wuri ba haɗari ba ne, sai dai jiki ya fi amsawa idan an ba shi tazara. Idan lokacin ya yi kuma sabon zubi bai iso ba, ku karɓi wanda ke akwai. Ana iya haɗa ta da ta infuluwenza rana ɗaya, kowace a nata dantsen.

Lamarin Hajiya ya bambanta. Rituximab ƙwayoyin B yake sharewa, su ne kuwa masu haifar da antibodi, kuma sukan ɗauki wata 6 ko fiye kafin su fara dawowa. Allurar da aka yi mako kaɗan bayan ƙarin ruwan kusan ba ta haifar da antibodi, ko da ƙwayoyin T na iya amsawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen zagaye, idan an yi nisa da ƙarin ruwan baya, a kuma bar kamar mako 4 kafin na gaba. Likitan da ke ba ta maganin shi zai tsara ranar, kada a ɗage ƙarin ruwan ba da saninsa ba. Alluran da ke ɗauke da bairas mai rai, irin na shawara da ƙyanda, ba a yi mata su muddin tana kan wannan magani. Idan ta ji alamun mura ko zazzaɓi, a gwada ta a ranar, domin maganin korona na sha irin Paxlovid cikin kwana 5 na farko ake fara shi, kuma sai an duba sauran magungunan da take sha tunda yana karo da da yawa daga cikinsu.